Wasiƙa Zuwa ga Auta a Agadas, Kan Motar da Ba a Ƙera Ba

Sabon Birnin Gobir,
Jihar Sakkwato.



Auta, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka da maƙwabtanka. Mu nan sai godiyar Allah. Inna tana gaishe ka, iyalinka suna lafiya, dangi na Isa ma sun ce in isar da gaisuwarsu.

Saƙonka ya iso. Ka ce ka ga tallar wani kamfani da zai fara haɗa ƙananan motocin haya masu aiki da lantarki a Najeriya, kuma duk mai son shiga sahun farko sai ya biya kashi ɗaya cikin uku na kuɗin yanzu, ya cika saura idan mota ta fito. Ka ce in nemi ɗan canji amintacce ya mayar da sefarka naira, in tura musu kafin a rufe rajista. Ban tura ba, kuma ina roƙonka ka karanta wannan takarda har ƙarshe kafin ka yi fushi da ni. Na rubuta ta a fili ne domin tallar da ka gani ta zaga wayoyin samarin Sabon Birni da Isa da Gatawa da Unguwar Lalle, har na ji ana lissafin sayar da shanun huɗa da jinginar da fadama saboda ita. Abin da zan gaya maka su ma ya shafe su.

Bari in fara da inda nake tare da kai. Duk wanda ya riƙe sitiyari a ƙasar nan ya san abin da mai ya yi mana. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafi, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Cikin 'yan kwanaki ta haye 500, kafin 2024 ta ƙare kuwa ta wuce 1,000. Direba ya yini a hanya, gidan mai ya cinye rabi, mai mota ya karɓi balas, shi ya koma gida da abin da ba zai kai cefanen gobe ba. Don haka motar da ba ta shan mai, a ƙasar da Allah ya hore mata rana, abin sha'awa ce ga kowane mai hankali. Kuma aba ce da ido ya gani. Ɗan jihar nan, Jelani Aliyu, shi ya zana Chevrolet Volt a kamfanin General Motors na Amurka, kuma a lokacin da yake shugabantar hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa aka buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021. A Legas an haɗa Hyundai Kona mai lantarki. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya cire injin ƙananan bas ya sa musu batir, suka riƙa ɗaukar fasinja a cikin gari. Fasahar ta tabbata. Cinikin da aka kawo maka shi nake so mu zauna mu auna.

Idan ka je sayen mota a kasuwa, kai ke da ƙarfi. Kuɗi na aljihunka, mota na gabanka. Ka kira bakanike ya buɗe bonet, ya saurari inji, ya kwanta ya leƙa ƙarƙashi; in ba ta yi maka ba, ka juya abinka. Ranar da ka biya kuɗin abin da ba a ƙera ba, wannan ƙarfi ya koma hannun wanda ya karɓa, kai kuma ka tashi da rasit da hoto. A haƙiƙa rance ka ba kamfanin, rancen da babu jingina, babu mai tsaya masa, babu ranar biya tabbatacciya. Kamfani yana son irin wannan kuɗi ne don dalilai biyu. Banki ba zai ba shi ko kwabo ba sai ya ajiye kadara ya kuma yarda da ruwa mai nauyi, kai kuwa ka ba shi a arha. Sannan yawan sunayen da suka yi rajista su ne zai ɗauka ya kai gaban masu zuba jari da jami'an gwamnati, ya ce ga kasuwa nan tana jira. Wato da kuɗinka da sunanka zai je neman jarin da zai gina masana'antar da za ta ƙera motar taka. In jarin ya samu, madalla. In bai samu ba kamfani ya karye, doka tana da layin biya: bankunan da ke riƙe da jingina, da ma'aikata, da haraji, su ne a gaba, masu rasit irin naka suna can ƙarshe, inda sau da yawa ba a tarar da komai. Wannan shi ne abin da kakanninmu suke nufi da suka ce ba a cinikin biri a sama.

Na san za ka ce waɗannan mutanen kirki ne, ka ga fuskokinsu, ka ga takardar rajistar kamfaninsu. Takardar rajista shaida ce kawai cewa an yi wa suna rajista a Abuja. Ba ta nuna akwai masana'anta, ba ta nuna akwai jari. Mun ga yadda MMM ta kulle kuɗin mutane a Disambar 2016, da yadda CBEX ta ruguje a Afrilun 2025. Amma ni ba 'yan damfara ne kaɗai suke ba ni tsoro ba. Ɗan damfara akan gane shi in an tsananta bincike. Wanda ya fi wuyar ganewa shi ne mai gaskiyar da zai gaza, domin shi da kansa ya yarda da alkawarinsa. Ƙera mota guda ta nuni abu ne da injiniyoyi goma za su iya. Ƙera dubu, kowace daidai da 'yar'uwarta, a kan farashin da aka faɗa, shi ne inda kamfanoni suke zubewa. Ko Volt ɗin da Jelani ya zana, an nuna ta a Janairun 2007, ba ta shiga hannun masu saye ba sai ƙarshen 2010, kuma da kamar da ta bambanta da ta nunin. Wannan fa General Motors ke nan, mai shekara ɗari yana wannan sana'a.

Manyan ƙasashe sun riga mu ɗanɗana irin wannan ciniki. Ka san Volkswagen Bitil, mai doron nan da iyayenmu suka hau a zamanin da ake haɗa ta a Legas. A 1938 gwamnatin Hitila ta yi wa ma'aikatan Jamus alkawarinta a kan mak 990, kuɗinsu na lokacin. Aka ce kowa ya riƙa zuba mak biyar duk mako, ana manna masa shaida a kati, in kati ya cika ya karɓi mota. Mutum fiye da 330,000 suka shiga. A 1939 yaƙi ya ɓarke, masana'antar ta koma ƙera motocin soja, kuma babu ko mutum ɗaya cikin masu zubin nan da ya karɓi motar da ya biya. Bayan yaƙi suka kai ƙara, shari'a ta yi ta ja har 1961, aka sasanta a kan rangwamen da bai wuce mak 600 ba ga mai son sayen sabuwa, ko abin da bai wuce mak 100 ba ga wanda ya haƙura da mota. Gwamnati ce ta yi alkawarin, masana'anta na tsaye, motar ta gaske ce, amma abin da ba a sa cikin lissafi ba ya faɗo ya tafi da guminsu.

A zamaninmu ma haka. A Amurka, Elio Motors ya yi tallar wata ƙaramar mota mai taya uku a kan dala 6,800. Fiye da mutum 60,000 suka yi rajista, da yawansu bisa sharaɗin ba a mayar da kuɗi, kamfanin har ya shiga tsohuwar masana'antar General Motors da ke Shreveport, amma ba a taɓa fara ƙera ta don sayarwa ba. A Jamus, Sono Motors ya karɓi kuɗin dubban mutane a kan motar da aka lulluɓe jikinta da faifan sola, irin wadda kowannenmu zai so, sai a Fabrairun 2023 ya sanar ya fasa. A Kenya, Mobius Motors ya ƙera motoci na musamman don hanyoyin karkara irin namu, sun fito, sun yi tafiya, duk da haka a Agustan 2024 bashi ya sa ya sanar zai rufe, sai daga baya wasu masu jari suka saye shi.

Domin in yi adalci, bari in kawo maka wanda ya cika alkawari. A ƙarshen Maris 2016 Tesla ya nuna Model 3, ya ce dala 35,000, mai so ya ajiye dala 1,000. Cikin mako guda mutum kusan 325,000 suka ajiye. Motar ta fito, ta yi kasuwa a duniya. Sai dai an fara miƙa ta ne a Yulin 2017, masu tsada aka fara ƙerawa, ta dala 35,000 ɗin kuwa sai a Fabrairun 2019 aka buɗe sayar da ita. Wata motar Tesla, Cybertruck, an nuna ta a Nuwambar 2019 da alkawarin dala 39,900 da fitowa a ƙarshen 2021. Ba a miƙa ta farko ba sai ƙarshen Nuwambar 2023, kuma mafi arhar da aka ambata a ranar ta haura dala 60,000. Wata kuma, Roadster, an karɓi dala 50,000 a hannun masu so tun 2017, an ce 2020, har 2024 ta ƙare ba ta fito ba. Ka ga hanyoyin asara uku ke nan: mota ta ƙi zuwa, ko ta zo a makare, ko ta zo da wani farashi da wata kama. Sannan ka lura da abu guda. Wanda ya ajiye dala 1,000 a kan Model 3 bai ba da ko kashi uku cikin ɗari na kuɗinta ba, na Cybertruck dala 100 kacal ya ajiye, kuma dukansu suna da damar karɓar abinsu in sun fasa. Kai kuwa kamfanin da bai taɓa fitar da mota ko guda ba yana neman kashi ɗaya cikin uku.

Hujjarka mafi ƙarfi ita ce farashi. Ka ce in ka biya yanzu ka ɗaure farashi kafin ya tashi. Wannan lissafi ne mai ma'ana, amma juya shi ka ga bayansa. A watan Mayun 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati. A Fabrairun 2024 ta haye 1,500. Batir da injin lantarki da na'urorin da ke sarrafa su duk daga waje ake sayo su, galibi daga Sin, da kuɗin waje, kuma harajin kwastan ma da farashin dala ake lissafa shi. Kamfanin da ya karɓi naira a kan tsohon farashi, kayansa suka ninka sau uku kafin su sauka Legas, abu uku ne a gabansa: ya nemi ciko, ko ya rage ingancin kaya, ko ya durƙushe. Wato faɗuwar nairar da ta sa kake gaggawar biya ita ce za ta hana shi cika maka alkawari. Ka tuna maniyyatan 2024. Sun biya kuɗin kujera sun ɗauka an gama, sai a watan Maris hukumar alhazai ta ce kowa ya ciko kusan naira miliyan 1.9 saboda canji. Jirgi na nan, masauki na nan, Makka na inda take, duk da haka farashi bai tsaya ba.

In kuwa suka yi maka mutunci suka mayar maka da kuɗinka bayan dogon jira, me suka mayar? Miliyan ɗaya ta Mayun 2023 ta fi dala 2,000. Miliyan ɗaya ta Fabrairun 2024 ba ta kai dala 700 ba. Lamba ɗaya ce a takarda, amma a kasuwa kashi biyu cikin uku sun tafi. Babur ɗin Boxer da muka saba saye a 'yan dubu ɗari-ɗari ya haura miliyan a idonmu. Kai kuma Allah ya ba ka abin da da yawanmu ba su da shi: guminka a sefa yake, sefa kuwa a ɗaure take da yuro, 655 da 'yan kai a kan yuro ɗaya, tun da aka fito da yuron. Ka kwance kuɗinka daga inda suke a tsaye ka zuba su inda za su iya narkewa, a hannun wani, ba tare da ranar karɓa ba, wannan kasada ce biyu a haɗe.

Addininmu bai bar wannan babi a buɗe ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tarar da mutanen Madina suna biyan kuɗin dabino tun shekara ɗaya ko biyu kafin ya nuna. Bai hana su ba, sai ya gindaya musu sharaɗi: a san mudu, a san nauyi, a san wa'adi. Wannan shi ne cinikin salam da muka karanta a zaure. Malamai suka ƙara bayani cewa a siffanta kayan yadda ba za a yi jayayya ba, ya kasance irin abin da ake samu a kasuwa idan wa'adi ya cika, kuma kada a ɗaure cinikin ga amfanin gona guda, domin gona guda tana iya ƙin yi. Ka duba wannan sharaɗi na ƙarshe da kyau. Motar da masana'anta guda ce kaɗai za ta ƙera, masana'antar da ba a gama ginawa ba, ba ta da wata kasuwar da za a je a sayo maka madadinta in an gaza. Haka kuma an hana sayar da ɗan da ke cikin cikin raƙuma, saboda jahilcin abin da ake saye. Cinikin sa a ƙera maka abu, wanda malamai ke kira istisna'i, halal ne, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tabbatar da shi a zamanta na Jidda a 1992, har da biya kashi-kashi, amma da sharaɗin a bayyana nau'i da siffa da adadi, a kuma yanke wa'adi. Ta ma yarda a rubuta tarar da maƙeri zai biya in ya saɓa. Shi kuwa kafin alƙalamin da ake cinyewa in mai saye ya fasa, Imamu Malik bai yarda da shi ba, ko da yake Hambalawa sun halatta. Kuma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Tallar da ka turo mini ta ce mota za ta fito nan ba da jimawa ba, farashi kuma yana iya canzawa. Babu wa'adi, babu tsayayyen farashi, babu tara. Tun kafin lauya ya duba, malamin zaure zai gaya maka inda take yoyo.

To, mu ƙaddara komai ya tafi daidai, mota ta iso, sabuwa dal. A wace hanya za ta yi aiki? Daga nan zuwa Sakkwato ta Goronyo ya fi kilomita ɗari, da ramuka, da yashi, da lodin da ka san yadda ake yinsa ranar kasuwa. Nisan da ake rubutawa a talla a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta ake auna shi, da madaidaicin kaya, cikin iska mai sanyi. Zafin Afrilu a nan yana wuce digiri 40, batirin litiyam kuwa zafi ne ke saurin tsufar da shi, kuma shi kaɗai yakan kai kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin motar. Wutar gari ka san yadda take. Da sola da janareta muke cajin waya. Cajin motar haya kullum yana buƙatar faifai da na'urorin da kuɗinsu wani jari ne daban, wanda ba ya cikin lissafin da ka turo. Kuma motar mai in ta tsaya, yaron mota ya hau babur ya kawo galan. Wadda caji ya ƙare mata a dajin Gundumi da la'asar sakaliya fa, da fasinja cike?

Ba sai na tuna maka halin hanyoyinmu ba. A Satumbar 2021 gwamnatin jiha ta rufe hanyar Isa zuwa Marnona, ta hana sayar da mai a jarka, aka kuma yanke layukan waya a ƙananan hukumomi 14, har da namu. A Disambar wannan shekara aka ƙone matafiya fiye da ashirin cikin mota kusa da Gidan Bawa. A Yulin 2024 aka tare Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, yana dawowa daga Sakkwato, ya rasu a hannun waɗanda suka kama shi. Allah ya jiƙansa da su duka. Iyakar da kake ƙetarowa an rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Yamai na 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Mutumin da ke zaune a irin wannan wuri ba ya iya cewa ga hanyar da za ta kasance a buɗe baɗi. Yana buƙatar dukiyar da zai iya juyawa da sauri, ya sayar in ta kama, ya kwashe iyali in ta ɓaci. Rasit ɗin motar da ba ta fito ba ba ya sayuwa. Motar da babu irinta a tasha kuma tana shelar mai ita tun daga nesa, sannan ranar da ka so rabuwa da ita dillali zai rasa wanda zai taya. Inshorar da direbobi ke yanka don takarda ta cika ba ta biyan mai mota komai in motarsa ta salwanta.

Sai batun gyara, wanda kai ka fi ni sani. Me ya sa Fijo ta mallaki Arewa bayan an fara haɗa ta a Kaduna a 1975? Me ya sa yau Golf da Sharon da Boxer suka cika tashoshinmu? Domin kowane gari akwai bakaniken da ya san cikinsu, kayan gyaransu kuma suna nan a Sakkwato da Gusau da Maraɗi, in ta yi tsanani a aika Ƙofar Ruwa a Kano. Motar haya kwana guda a kwance asara ce, mako guda bashi ne. Sahun farko na kowace sabuwar mota shi ke ɗauke da kurakuran da injiniyoyi ba su gano ba tukuna, masu sayen farko su ake gwaji da su, na baya su sami gyararriya. Garanti kuwa ransa na tare da ran kamfani. Da kamfanin Fisker na Amurka ya karye a Yunin 2024, waɗanda suka riga suka karɓi motocinsu sai da suka kafa ƙungiya don neman kayan gyara da wanda zai kula da manhajar da motar ke tafiya da ita. In haka ta faru da masu mota a Kalifoniya, ka auna wanda tasa ta tsaya a Kurawa.

Auta, abin da ya fi damuna shi ne asalin kuɗin nan. Ka tara su a zafin Agadas, nesa da 'ya'yanka, kana cin abin da ya samu don ka rage. Su ne abin da gidan nan zai jingina da shi in damina ta ƙi, ko in an hana mu shiga gona, ko in ciwo ya kwantar da Inna. Baturen da ya ajiye dala ɗari don sha'awa, in ta ɓace bai fasa cin abincin dare ba. Kasada tana da kyau ga kuɗin da in sun tafi gida ba zai girgiza ba. Naka ba irin su ba ne. Kuma kada maganar za a rufe rajista ta tsorata ka. Tsohuwar dabarar talla ce don a hana mutum shawara. Kamfanin da ke da mota ta ƙwarai ba zai ƙi kuɗinka baɗi ba. In ta yi kyau ka sami ta sahu na biyu, ka ƙara kuɗi kaɗan, ƙarin nan shi ne kuɗin kwanciyar hankalinka. In ba ta yi kyau ba, kuɗinka na hannunka.

Ban ce har abada kada a biya kafin a ƙera ba. In babu masu yarda da sabon abu, ba za mu taɓa samun masana'antar kanmu ba, kuma Innoson da ke ƙera motoci a Nnewi tun 2010 da masu saye ya tsaya. Amma ga abin da nake so su amsa maka a rubuce. Ina masana'antar take, kuma za su bar mu mu shiga da bakanikenmu mu ga layin haɗawa yana aiki? Motoci nawa suka riga suka miƙa, kuma ina direbobin da suka yi damina da bazara da su, mu ji daga bakinsu? Wace rana za a ba ka taka, kuma me za su biya ka in ranar ta wuce? Farashin ya ɗauru ne, ko akwai ƙaramin rubutun da ya ba su damar ƙari? In ka fasa, ko su suka gaza, cikin kwana nawa kuɗinka za su dawo, kuma cikakku ne? A ina kuɗin za su zauna: a asusun kamfani yana kashewa, ko a asusun amana a banki wanda ba za a taɓa ba sai mota ta shiga hannunka? Akwai bankin da zai ba da takardar lamuni cewa shi zai biya in kamfani ya kasa? Shekara nawa ne garantin batir, nawa ne sabo, kuma ina wurin gyara mafi kusa da Sakkwato? Kamfanin gaskiya zai ji daɗin waɗannan tambayoyi. Wanda ya amsa da hoto da kirari da gaggawa, ya riga ya ba ka amsa.

In duk suka amsa yadda ya kamata, zan yarda ka ajiye kaɗan, abin da bai wuce ka iya yafewa ba, kuma a kan sharaɗin ana mayarwa. Sauran ka bar su a sefa. In kuwa sana'ar ce ba za ta jira ba, mu sayi abin da ke tsaye a ƙasa, wanda za a tayar a gabanmu, ko da na hannu ne. In kuɗin bai kai ba, akwai bankunan da ba sa harkar ruwa, irin Jaiz da TAJ, waɗanda tsarinsu shi ne su sayi kaya su mallaka sannan su sayar maka ka biya sannu a hankali. A nan ko ba komai motar tana nan kafin bashi ya hau kanka.

Saboda haka ga roƙona. Ka nemi su turo maka cikakkiyar takardar yarjejeniyar, wadda za a sa wa hannu, ka turo mini ita. Zan kai wa malam ya duba ta fuskar shari'a, in kai Sakkwato lauya ya duba ta fuskar doka, in kuma zauna da shugabannin direbobi na tasha su faɗi nasu. Abin da suka ce zan gaya maka ba ragi ba ƙari. Kuɗinka ne, kuma hukunci na ƙarshe naka ne, amma haƙƙinka ne a kaina in faɗa maka gaskiya tun kuɗin suna hannunka. Ku kuma samarin da kuke shirin sayar da shanu da jinginar da gona, ku yi waɗannan tambayoyi kafin ku kai dabba kasuwa.

Allah ya yi wa nemanka albarka, ya tsare ka a hanya, ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Gobir. Ka gaishe da duk mutanenmu da ke nan.

Wassalam.

Naka,
Yayanka.